Ra'ayinmu: Likitan da Zai Fara Ganin Ƙunar da Ba ta Wuta Ba

Idan matafiyi ya bar Gwagwalada ya miƙi hanyar Lokoja, ba zai yi nisa ba zai iske Sheda, a Ƙaramar Hukumar Kwali, inda Gwamnatin Tarayya ta gina cibiyar kimiyya da fasaha. A cikinta akwai wani ɗaki mai kaurin bango da aka ƙaddamar a 2006, inda ake amfani da sinadarin kobal-60 wajen kashe ƙwayoyin cuta a kayan asibiti da hana amfanin gona saurin lalacewa. A tsakiyar birni kuma, Asibitin Ƙasa yana gasa cutar daji da na'ura, yana kuma da sashen da ke amfani da sinadarai masu tururin nukiliya wajen gano ciwo. Hukumar da ke ba da lasisin irin waɗannan ayyuka, wato NNRA, a Abuja take. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa, NAEC, a Abuja take. Haka NEMA, da Ma'aikatar Lafiya, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta NUC, da asusun TETFund. Mutum zai iya zagaye ofisoshinsu duka kafin azahar, in cunkoso bai tare shi ba.

Duk da haka akwai tambayar da ba ta faɗa kan teburin ko ɗaya daga cikinsu kai tsaye ba, ita ce wannan jarida ke son ɗagowa. A ce wani matashi ɗan jari-bola ya shigo babban asibitin Kubwa ko na Nyanya da tsakar dare, yana amai da gudawa, tafin hannunsa ya kumbura kamar wanda ya damƙi garwashi alhali bai kusanci wuta ba. Wane ne ya koya wa likitan da ke bakin aiki a daren ya yi zargin abin da ya kamata ya zarga? Ra'ayinmu shi ne wannan aikin jami'o'i ne da asibitocinsu na koyarwa, kuma lokaci ya yi da za a ɗora musu shi a rubuce, a ba su kuɗin yinsa.

Kalmar da muka saba amfani da ita a jaridu ma tana da nata laifin. Mukan ce "tururin nukiliya", sai mai karatu ya hango hayaƙi yana tashi. Abin ba ya da launi, ba ya da wari, ba a jin zafinsa lokacin da yake ratsa jiki. Ƙarfen da bai kai ɗan yatsa ba, in yana ɗauke da iridiyom-192, zai iya kwana a aljihun mutum ya lalata masa ɓargo ba tare da ya ji komai ba sai bayan sa'o'i ko kwanaki.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage, kuma tun farko jami'a ce ta riƙe mata shi. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta fasa bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar hamada ta sauke ta a Kano da Katsina da Sakkwato. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961. Fargabar wannan ƙura ce ta kai ga kafa sashen tarayya na kariya daga tururin nukiliya a 1964, aka ajiye shi a Sashen Fiziks na Jami'ar Ibadan. Daga nan sauran suka biyo: dokar da ta kafa NAEC a 1976, wadda hukumar ba ta fara aiki sosai ba sai 2006, dokar 1995 da ta haifi NNRA, wadda ta buɗe ofis a 2001, cibiyar CERD a Ile-Ife, da cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda tukunyar nukiliya ɗaya tilo da ƙasar nan ta mallaka, NIRR-1, ta fara aiki a Fabrairun 2004. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi, aka mayar wa ƙasar Sin tsohon, kuma masana na Zariya sun cancanci yabo kan yadda aka kammala aikin lami lafiya.

Sai dai in aka dubi jerin nan da kyau za a ga inda ya karkata. Masana fiziks da injiniyoyi ne suka gina cibiyoyin, domin awo da bincike da kariya. Sun san yadda za a gano ƙarfe mai haɗari, a auna ƙarfinsa, a killace shi. Amma majinyaci ba ya fara zuwa wurin masanin fiziks. Yakan fara da kemis na unguwa, ya wuce asibitin sha-ka-tafi, in abin ya ci tura a kai shi babban asibiti, kuma a kowane mataki ana kallonsa da idon zazzaɓin cizon sauro ko taifot.

Wanda yake ganin wannan tsoro ne kawai na marubuta, ya karanta abin da ya faru a Goiânia, ƙasar Birazil, a Satumbar 1987. Wani asibitin gashin cutar daji ya tashi daga tsohon gininsa ya bar na'ura a ciki. Ranar 13 ga wata wasu mutum biyu masu neman ƙarafa suka shiga kangon, suka kwance kan na'urar suka tura shi gida a baro. A ranar suka fara amai. Da ɗayansu ya je asibiti da kumburarren hannu da gudawa, aka ce masa wani abu ne da ya ci bai karɓe shi ba, ya je ya huta. Suka fasa ƙarfen, suka sayar wa wani dillalin gwangwan. Da dare dillalin ya ga garin da ke ciki yana walƙiya shuɗi, ya ɗauka abin daraja ne, ya shigar da shi gida, ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai. Garin siziyom-137 ne, nauyinsa bai kai giram 100 ba. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da shi a ƙasa, ta ci abinci da hannun. Sai ranar 28 ga wata, bayan mako biyu cur mutane suna ta zarya a asibitoci, matar dillalin ta lura cewa duk wanda ya taɓa abin nan sai ya kwanta. Ta zuba shi a jaka ta hau motar haya ta kai ofishin kiwon lafiya. Washegari wani masanin fiziks ya zo da na'urar awo ya tabbatar. Mutum 4 suka mutu, ciki har da yarinyar da matar. An tantance kimanin mutum 112,000 a filin wasa na birnin, aka samu 249 da sinadarin a jikinsu ko tufafinsu. An rushe gidaje, an kwashe ƙasa. Ranar jana'izar yarinyar, jama'a suka fito da duwatsu don hana a binne ta a maƙabartarsu.

Babu tashar nukiliya a labarin nan, babu bam, babu ɗan ta'adda. Akwai kangon asibiti, da talakawa masu neman na tuwo, da likitocin da ba a taɓa nuna musu irin wannan ciwo ba. Makamancinsa ya faru a Mohammedia ta Maroko a 1984, inda mutum 8 suka mutu bayan wani lebura ya tsinci ƙarfen iridiyom ya kai gida. Ya faru a ƙauyen Meet Halfa na Masar a 2000, inda wani manomi da ɗansa suka rasu. Ya faru a Samut Prakan ta Tailan a shekarar, inda 3 suka mutu daga kobal-60 da aka fasa a wurin 'yan gwangwan. Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa, Allah Ya tsare: a Disambar 2002 wasu ƙarafa biyu masu amerisiyom, na kamfanin Halliburton da ke aikin awon rijiyoyin mai, suka ɓace a yankin Neja Delta, ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai a Jamus, cikin lodin tsofaffin ƙarafa.  Kamfanonin mai da masu duba waldar bututai suna yawo da irin waɗannan kaya a manyan hanyoyinmu har gobe, kuma Abuja na da kasuwannin panteka da 'yan jari-bola da ba su ƙirguwa.

To me ake so likita ya sani? Abin ba shi da yawa, shi ya sa rashin koyar da shi ke da ciwo. Na farko, ya bambance wanda tururin ya ratsa shi da wanda burbushin sinadarin ya manne masa. Na farkon ba ya cutar da kowa, kamar yadda wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa ba ya cutar da iyalinsa. Na biyun kuwa, cire masa tufafi kaɗai kan kawar da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke jikinsa, sauran ruwa da sabulu ne. Ƙa'idar da duniya ta yarda da ita ita ce a fara ceton rai: mai zubar jini a tsayar masa da jinin tukuna, wanka ya biyo baya. Ma'aikacin jinyar da bai san haka ba zai gudu ya bar majinyaci a ƙofa, kuma ba za mu zarge shi ba.

Sai agogo. Lokacin da amai ya fara shi ne ma'aunin farko: wanda ya fara amai cikin sa'a guda da haɗuwa da abin yana cikin babban haɗari. Sannan a riƙa ƙirga fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait kowane 'yan sa'o'i cikin kwana biyun farko, domin saurin faɗuwarsu shi ke nuna yawan abin da jiki ya sha. Wannan gwaji ne da kowane babban asibiti ke yi kullum. Abin da ya rage a san cewa ya kamata a maimaita shi a kuma san yadda ake karanta shi. Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin girei. Daga girei 1 ciwon ke bayyana, kuma wajen girei 4, in babu magani, kusan rabin waɗanda abin ya shafa kan mutu cikin wata biyu. Mugun halin ciwon shi ne yakan lafa bayan kwanakin farko, majinyaci ya ji sauƙi a sallame shi, sai bayan mako biyu ko uku ɓargo ya gaza, jini ya riƙa tsiyaya, kowace ƙaramar cuta ta zama ajali. Magungunan ma kowanne da nasa gurbi. Ƙwayar aidin da ake yawan ambata tana kare maƙoshi ne kawai daga aidin mai tururi, ba ta da amfani ga siziyom ko kobal. Siziyom shuɗin Furushiya ke fitar da shi, kamar yadda aka yi a Goiânia. Amerisiyom da fulutoniyom kuma sai DTPA. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta jerin magungunan da take shawartar kowace ƙasa ta tanada domin irin wannan rana. Ya dace wani a Ma'aikatar Lafiya ya iya faɗin, ba tare da ya nemi a ba shi mako guda ba, a wane sito namu suke kuma yaushe wa'adinsu zai ƙare.

Bangaren bincike shi ne inda muke ganin jami'o'inmu za su yi abin da wani ba zai yi mana ba. Littattafan da ake koyar da wannan fanni da su sun ce alamar farko a fata ita ce ja. A jikin baƙar fata jan ba ya fitowa yadda hotunan littafin suka nuna, kuma likitan fata na Zariya ko Gwagwalada ne ya fi cancanta ya rubuta yadda ake gane shi. Mutanen Afirka ta Yamma da dama, lafiyarsu ƙalau, adadin wasu fararen ƙwayoyin jininsu yana ƙasa da na Turawa. Zazzaɓin cizon sauro da taifot da zazzaɓin Lassa kuma duk suna dagula ƙirgen jini, suna kawo amai da zubar jini. Jadawalin da aka tsara a Amurka ko Japan yana buƙatar a gwada shi da jinin mutanenmu kafin ranar da za a dogara da shi. Akwai kuma gwajin da ya fi kowanne tabbas, na duba ɓarnar da tururin ya yi wa kuromozom a cikin ƙwayar jini. Ana rainon jinin na kwana biyu a ɗakin gwaji, a ƙirga waɗanda suka lalace, a gwada da ma'aunin da ɗakin gwajin ya riga ya tsara wa kansa. Tsara ma'aunin kan ɗauki watanni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan haɗin duk muna da su a warwatse: cibiyar NIRPR da NNRA ta kafa tare da Jami'ar Ibadan tana da na'urorin daidaita awo, CERT na maƙwabtaka da asibitin koyarwa na Shika, Sheda kuma tafiyar 'yan mintuna ce daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.

Japan, wadda ta fi kowa sanin wannan ciwo, sai da haɗarin Fukushima na 2011 ya nuna mata giɓinta. Gomman tsofaffi da marasa lafiya sun mutu a wajen kwashe su daga asibitoci cikin ruɗani, ba don tururin ya kashe su ba. A 2015 ta ɗora nauyin horarwa da jinyar masu tsanani kan jami'o'in Hiroshima da Nagasaki da Hirosaki da Jami'ar Likitanci ta Fukushima, tare da cibiyarta ta ƙasa da ke Chiba. Ba ma buƙatar biyar. Biyu ko uku sun isa, kuma Gwagwalada ta kamata ta kasance cikinsu.

Mun san abin da za a ce, kuma maganar tana da nauyi. Ƙasar da mata ke mutuwa wurin haihuwa, wadda na'urorin gashin cutar dajinta ba su taka kara sun karya ba kuma sukan lalace a bar marasa lafiya suna jiran watanni, ina ta ga kuɗin shirya wa haɗarin da mai yiwuwa sai a shekara ashirin ba a gani ba? Amsarmu ita ce abin da muke nema ba gini ba ne, ba kuma sabuwar hukuma mai shugaba da jerin motoci ba. Ɗakin gwajin kuromozom zai yi wa masu cutar dajin jini aiki kowace rana. Likitan jini da na ƙuna da aka ƙara wa sani ba za su zauna jiran haɗari ba. Sannan ƙasar da ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017 kan gina tashoshin lantarki na nukiliya, ta kuma ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, ba ta da bakin cewa horar da likitoci ya yi mata tsada.

Arewa kuma ta riga ta biya kuɗin jahiltar ciwon da ba a saba gani ba. A 2010 yara suka riƙa mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma, ana ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka yi zargin gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, aka aika jini waje aka tabbatar. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dalma ba ta da alaƙa da nukiliya, amma hanyar da bala'in ya bi ita ce dai: sana'ar talaka, guba marar gani, da asibitin da ba a shirya shi ya yi tambayar da ta dace ba.

Abin da muke tsoro shi ne a amsa wannan kira da taron bita. An san yadda ake yi: otal a Keffi ko Kaduna, kwana uku, jaka da alawus, hoton rukuni, a watse. Wasu daga cikin likitocin da aka horar kuma sukan tafi Ingila ko Saudiyya da iliminsu. Ilimin da zai zauna shi ne wanda aka saka a manhaja, ake jarrabawa a kansa. Sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ta ga ya dace da ita, don haka majalisar malaman Jami'ar Abuja ko ta Ahmadu Bello za ta iya saka 'yan sa'o'i na wannan darasi ga ɗaliban likitanci da jinya da masu ɗaukar hoton asibiti. Majalisar MDCN da kwalejojin ƙwararrun likitoci na iya sa shi cikin sharuɗɗan sabunta lasisin masu aikin gaggawa. TETFund na iya ware masa layi a Asusun Bincike na Ƙasa, da sharaɗin cewa duk takardar neman tallafi ta zo da sa hannun masanin fiziks da na likita tare. A ƙara da masana harshe: alamar gargaɗi mai fuka-fukai uku ba ta hana 'yan gwangwan na Tailan fasa ƙarfen ba domin ba su san ma'anarta ba, abin da ya sa a 2007 hukumar IAEA ta fito da ƙarin alama ja mai ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Wani ya zauna da shugabannin panteka na Apo da Dei-Dei ya bayyana musu da Hausa da Gbagyi da Ibo abin da za su yi in sun ga ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, da lambar da za su kira.

Masu karatunmu da yawa su ne ke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu: mataimakan ministoci da 'yan majalisa, jami'an tsare-tsare, masu haɗa kasafi. Lokacin kare kasafi, in shugabannin NNRA da NAEC da asibitocin koyarwa suka zo gaban kwamiti, tambaya ɗaya da mataimaki zai rubuta wa maigidansa ta isa ta motsa abubuwa: wane asibiti ne a Abuja aka ayyana ya karɓi irin wannan majinyaci, kuma yaushe ma'aikatansa suka yi atisaye na ƙarshe tare da NEMA?

Akwai kuma waɗanda abin ya fi kusa da hannunsu fiye da yadda suke zato, wato jami'an sito da 'yan kwamitin gwanjon kayan gwamnati. A Fabrairun 2010 Jami'ar Delhi ta Indiya ta yi gwanjon tsofaffin kayan Sashen Kemistiri, ciki har da wata na'ura mai kobal-60 da aka sayo daga Kanada a 1968 aka daina amfani da ita tun 1985. Malamai masu digirin digirgir ne suka amince da takardar. Na'urar ta ƙare a kasuwar ƙarafa ta Mayapuri, aka yanka ta gunduwa-gunduwa, a watan Afrilu ma'aikata suka fara kwanciya, ɗaya ya mutu. Dokarmu ta Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ita ce kuma ke tsara yadda ake sayar da kayan da suka tsufa. Ya kamata Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya fitar da takardar umarni cewa duk na'urar da za ta fita daga asibiti, ko ɗakin gwaji na jami'a, ko cibiyar bincike, ba za a buga mata ƙararrawa ba sai jami'in NNRA ya zo da na'urar awo ya duba ta ya sa hannu.